Digirin Ilimin Muhalli: Abin Da Ya Ƙunsa Da Inda Ɗalibin Kaduna Zai Same Shi

Ilimin muhalli kwas ne na digirin farko da ke nazarin alaƙar ɗan'adam da ƙasa da ruwa da iska da tsirrai da dabbobin da yake rayuwa a tsakaninsu, tare da neman hanyar gyara abin da wannan alaƙa ta ɓata. Abin da ya bambanta shi da galibin kwasa-kwasan jami'a shi ne bai jingina da fanni guda ba. Ɗalibinsa kan shiga ɗakin gwaje-gwaje da safe ya auna sinadaran da ke cikin ruwan rijiya, da rana ya zauna darasin dokar mallakar ƙasa, a ƙarshen mako kuma a fita da shi unguwa yana tambayar magidanta yadda suke yi da shararsu. A jami'o'in Najeriya yawanci shekara 4 ake yi ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, shekara 3 kuma ga wanda ya shiga aji biyu kai-tsaye.

Akwai ruɗanin suna da ya kamata a warware tun da farko, domin yakan kai ɗalibai inda ba su nufa ba. A ƙasar nan, tsangayar da ke ɗauke da sunan kimiyyar muhalli galibi ta ƙunshi sana'o'in gini ne: zanen gine-gine, aikin gini, ƙiyasin kuɗin gini, kula da filaye da gidaje, safiyo da tsara birane. Waɗannan kwasa-kwasai ne masu daraja, kowannensu da hukumar da ke yi wa masu shi rajista, amma muhallin da suke nufi shi ne wanda ɗan'adam ya gina. Kwas ɗin da ake magana a kansa a nan shi ne wanda a kundin JAMB yakan zo da sunan Environmental Management, wani wuri a ƙara masa nazarin guba, wani wuri a haɗa shi da labarin ƙasa. Haka kuma daban yake da ilimin lafiyar muhalli, wanda ke yaye jami'an da jama'a suka sani da duba-gari, kuma daban yake da injiniyancin ruwa da muhalli, duk da cewa ukun suna haɗuwa a darussa da dama.

Asalin kwas ɗin

Fannin bai tsufa ba idan aka kwatanta shi da likitanci ko lauyanci. A 1962 wata masaniyar halittun ruwa 'yar Amurka, Rachel Carson, ta wallafa littafinta Silent Spring, inda ta nuna yadda maganin ƙwari irin su DDT ke bi ta ƙasa da ruwa ya taru a jikin kifi da tsuntsaye. Littafin ya fito da wata matsala a fili: masanin sinadarai ya san maganin, masanin tsuntsaye ya ga suna mutuwa, manomi ya san dalilin da ya sa yake feshi, amma babu wanda aka horar ya haɗa bayanan ukun. Kwalejin Middlebury ta Amurka ta buɗe digirin nazarin muhalli a 1965, Jami'ar East Anglia ta Ingila ta kafa makarantar kimiyyar muhalli a 1967. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Stockholm a 1972 ya haifar da hukumar muhalli ta UNEP mai hedikwata a Nairobi, taron Tbilisi na 1977 kuma ya amince cewa ilimin muhalli dole ya ratsa fannoni da yawa.

A Najeriya abubuwa biyu ne suka tayar da hankali. Na farko shi ne farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, wanda ya kashe dabbobi ya kuma kori jama'a daga ƙauyukansu. Malamin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana bin yadda manoman arewa ke jure wa fari, kuma aikinsa ya nuna cewa ba a fahimtar kwararowar hamada sai an fahimci manomi da kasuwarsa da cin-raninsa. Na biyu shi ne abin da ya faru a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel a 1988, lokacin da aka gano dubban durom-durom na sharar masana'antu mai guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a wani fili. A shekarar gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta biyo baya a 1992, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a 1999, hukumar NESREA a 2007, sai dokar sauyin yanayi a 2021. Kowace doka daga cikin waɗannan ta buƙaci ma'aikatan da za su aiwatar da ita, kuma daga nan ne jami'o'i suka fara buɗe sassan.

Kogin Kaduna a matsayin aji

Hanya mafi sauƙi ta gane dalilin haɗa fannoni ita ce a ɗauki matsala guda da mutanen Kaduna suka sani, wato ambaliya. Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya faɗa Kogin Neja, kuma a hanyarsa ya raba birnin gida biyu. Mazauna gaɓar arewa, daga Rafin Guza da Malali zuwa Unguwar Rimi da titin Kigo da Kabala da gangaren Tudun Wada, sun san abin da watannin Agusta da Satumba kan zo da shi. Ambaliyar 2003 da ta 2012 suna cikin waɗanda ba a manta ba.

Tambaya ta farko ta masanin ruwa ce: ruwa nawa ne ya sauka, kuma ina ya bi? Kaduna na samun ruwan sama kusan milimita 1,200 a shekara, mafi yawansa cikin 'yan watanni. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Saboda haka idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare guda, kowace hekta ta karɓi lita 500,000. A fadama ko gona, ƙasa da ciyawa suna shanye kaso mai yawa su sake shi a hankali. A unguwar da rufin kwano da siminti da kwalta suka rufe, kusan duka yana gangarawa kwata cikin mintuna. Wannan ne ya sa ruwan da bai dami kowa ba shekaru 40 da suka wuce yake iya shiga ɗaki a yau, ko da yawansa bai ƙaru ba.

Daga nan sai mai taswira ya karɓa. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun faro tun 1972, kuma tun 2008 kyauta ake samun su, don haka ɗalibi mai kwamfuta zai iya jera hoton gaɓar kogin na shekaru daban-daban ya ga yadda gidaje suka sauko cikin fadama. Masanin ƙididdiga kuma zai yi masa bayanin abin da ake nufi da ambaliyar shekara 100, kalmar da ke yaudarar mutane da yawa. Ba ana nufin sai bayan shekara 100 za ta dawo ba. Ana nufin a kowace shekara akwai yiwuwar 1 cikin 100 ta auku. Wanda ya zauna a irin wannan wuri shekara 30, yiwuwar ta same shi aƙalla sau ɗaya ta haura kashi 25 cikin 100.

Duk wannan kimiyya ce, kuma da a nan matsalar ta tsaya da injiniya ya wadatar. Amma me ya sa mutum zai gina gida inda ya san ruwa na zuwa? Amsar tana wurin masanin tattalin arziki da na zamantakewa: filin bakin kogi ya fi araha, yana kusa da kasuwa da wurin aiki, kuma wanda ya saya sau da yawa da rani ya je ya gani. Wa ya sayar masa, da wace takarda? Nan lauya ya shigo, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, alhali a aikace cinikin fili da yawa yana ƙarewa ne a tsakanin magada da dillali da mai unguwa. Wa ke da alhakin hana ginin? Hukumar tsara birane ta KASUPDA tana da nata hurumin, hukumar taswira da rajistar filaye ta KADGIS tana da nata, hukumar kare muhalli ta KEPA da hukumar agajin gaggawa ta jiha kowacce da nata, ga kuma birnin kansa ya bazu a ƙananan hukumomi huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun. (Ko sunayen ma suna ruɗa baƙo, domin Tudun Wada tana arewa da kogi amma a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu take.) Ruwa kuwa ba ya tambayar iyaka.

Bayan ruwa ya janye sai aikin masanin lafiya ya fara. Ƙarƙashin Kaduna tsohon dutse ne mai tauri, ruwan ƙasa yana taruwa ne a saman da ya rududduge da kuma cikin tsagogi, shi ya sa rijiyoyin gida da yawa ba su da zurfi. A unguwa mai cunkoso inda rijiya da masai ke cikin gida guda, ba a iya cika tazarar mita 30 da ake ba da shawara a bari a tsakaninsu. Ambaliya na haɗa su, kwalara da taifot su biyo baya. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, kuma auna wannan yana cikin abubuwan farko da ake koya wa ɗalibi.

Ga masu lambu da ke cin abinci da wannan fadama da rani, ga masu haƙar yashi da tifofinsu, ga matatar ruwa ta Malali da ke jan ruwan da birnin ke sha daga wannan kogi, ga Madatsar Kangimi da ke tallafa masa idan ya ja baya. Duk shawarar da aka yanke a kan kogin tana taɓa ɗayansu. Wanda aka horar a ilimin muhalli ba zai fi injiniya sanin kwalbati ba, ba zai fi lauya sanin doka ba, amma shi ake sa ran zai zauna da su duka ya fahimci abin da kowa ke faɗa, ya kuma lura da abin da ya faɗo a tsakanin ofis da ofis.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Kaduna. Tsarin birnin da kamfanin Max Lock ya wallafa a 1967, shekara 50 bayan Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, an gina shi ne a kan binciken gida-gida game da sana'o'in mutane da yadda suke zaune, tare da nazarin ƙasa da magudanan ruwa. Kafin nan, tun ƙarshen shekarun 1930, shirin Anchau na yaƙi da ciwon barci a Lardin Zazzau ya haɗa masanin ƙwari T.A.M. Nash da likitoci da masu haƙa rijiya da malaman gona, aka sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan tsando ke zama, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Shirin mulkin mallaka ne, da tilascin da ke tattare da shi, kuma wannan ma darasi ne da ya cancanci a tattauna a aji.

Abin da ake karantawa

Aji ɗaya kusan duka tushe ne: lissafi, kemistiri, bayoloji, fizis, labarin ƙasa, kwamfuta da darussan gama-gari. A aji biyu ake shiga nazarin yadda halittu ke dogaro da juna, da yanayi, da ƙasar noma, da ruwa, da ƙididdiga. Aji uku shi ne zuciyar karatun, inda ake koyar da taswirar kwamfuta da karanta hoton tauraron ɗan'adam, da gurɓatar ruwa da iska, da sarrafa shara, da dokokin muhalli, da tattalin arzikin albarkatun ƙasa, sannan a tura ɗalibi koyon aiki na wasu watanni a ƙarƙashin shirin SIWES. A aji huɗu ake yin darasin tantance tasirin ayyuka ga muhalli, da kula da bala'o'i, da sauyin yanayi, a rufe da kundin bincike. Jeri da sunayen darussan suna bambanta daga jami'a zuwa jami'a.

A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ake kira CCMAS, wadda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ga kwas irin wannan, kashi 30 ɗin nan ya fi muhimmanci fiye da yadda girmansa ke nunawa. Ɗalibin da zai yi aiki a Kaduna ko Katsina ya fi buƙatar sanin fadama da gawayi da rikicin burtali fiye da malalar mai a bakin teku, kuma sashen da ya cike wannan gurbi da abin da ya kwafo daga wata jami'a ya yi asarar dama.

Misalai biyu daga ƙasar Hausa sun isa su nuna abin da ake so ɗalibi ya fita da shi. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, aka tabbatar gubar dalma ce, kuma aƙalla yara 400 suka rasu. Dutsen zinaren yankin yana ɗauke da dalma, farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, mutane suka riƙa kai dutsen cikin gida ana daka shi ana niƙawa, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Likita na iya ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma idan ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba aikin banza aka yi. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013, aka kuma shawo kan masu haƙar su fitar da niƙa daga cikin gari ba tare da an raba su da abincinsu ba. Masanin duwatsu da likita da injiniya da hakimi da limami duk sun shiga aikin.

Na biyu daga Maraɗi ne a Jamhuriyar Nijar. Shekaru aka yi ana dasa itatuwa suna mutuwa. A farkon shekarun 1980 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai, idan manomi ya zaɓi 'yan tofo ya sassabe sauran, itace zai tashi da kansa. Dabarar ba ta da tsada, amma ba ta bazu sosai ba sai da manoma suka sami tabbacin cewa itacen da suka rena nasu ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci su tara a kansa ba. Bincike ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. Ilimin tsirrai ya ba da rabin amsar, sauran rabin yana cikin dokar mallaka.

Inda ake samun sa

Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, wadda aka kafa a 2004, babbar harabarta tana kan titin Tafawa Balewa a arewacin kogi, kuma a nan sashen labarin ƙasa yake. Tsangayar Kimiyyar Muhalli, wadda ke da sashen kula da muhalli, tana harabar Kafanchan. Wannan abu ne da mai neman gurbi ya kamata ya sani kafin ya cike fom, don kada ya ɗauka daga gida zai riƙa zuwa aji. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, mai babbar haraba a Tudun Wada, tana da kwalejin nazarin muhalli a Barnawa, ƙetaren kogi, inda ake yin difloma da babbar difloma a fannonin gini da safiyo da tsara birane. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen labarin ƙasa da kula da muhalli, da sashen injiniyancin ruwa da muhalli, kuma tana cikin jami'o'i 6 da ke da cibiyar shirin SPESSE na Bankin Duniya mai horarwa a kan ƙa'idojin muhalli da zamantakewa. Jami'ar Bayero tana da tsangayar kimiyyar ƙasa da muhalli, ga kuma cibiyarta ta noman busassun yankuna.

Abin da arewacin Kaduna ya fi kowa shi ne wuraren koyon aiki. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana kan titin Mando. Cibiyar binciken ciwon barci da sammore, mai asali tun 1947, tana Unguwar Rimi. Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya tana Afaka, kusa da dajin gwamnati da aka keɓe a 1954. Hukumomin jiha da aka ambata a sama duk a cikin birnin suke. Akwai kuma makarantar da ba ta da allo, wato tsohuwar Kasuwar Panteka da ke maƙwabtaka da kwalejin fasaha, inda ake mayar da tsohon ƙarfe da gwangwani da alminiyom su zama tukwane da murhu da injinan niƙa. Abin da littattafan waje ke yi wa dogon bayani a kan sake sarrafa kaya, 'yan gwangwan da 'yan jari-bola na Kaduna sun daɗe suna yin sa, tare da haɗarin hayaƙi da ruwan batir da ba wanda ya auna musu. Ɗalibin da ya yi wata guda a cikinsu da littafin rubutu zai fito da kundin bincike da ya fi na wanda ya zauna a ɗakin karatu.

Rashin tsaro ya taƙaita fita daji, kuma wannan ya shafi kwas ɗin kai-tsaye. Sace ɗalibai 39 daga kwalejin Afaka a Maris ɗin 2021, da halin da dazukan Birnin Gwari suka shiga, inda Gandun Dajin Kamuku yake, sun sa tafiyar nazari zuwa irin waɗannan wurare ta zama abin da sai an yi dogon tunani. Hoton tauraron ɗan'adam na cike wani gurbi, sai dai ba ya gaya wa mutum sunan itace ko dalilin da ya sa aka sare shi.

Rauninsa

Sukar da aka fi yi wa wannan digiri, a nan da ƙasashen waje, ita ce yana ɗanɗana wa ɗalibi komai ba tare da ya ƙoshi da ko ɗaya ba. Sukar tana da tushe. Mai ɗaukar aiki da ke neman wanda zai auna sinadari yakan fi son mai digirin kemistiri, mai neman zanen magudana yakan ɗauki injiniya mai rajista, shi kuwa mai digirin muhalli sai ya tsaya yana bayanin abin da ya karanta. Matsalar takan tsananta a sashen da ba shi da ɗakin gwaji mai aiki ko kwamfutoci, inda ake koyar da auna ruwa da zanen taswira a kan allo.

Maganin da aka fi gwadawa shi ne ɗalibi ya riƙe sana'a guda da ƙarfi tun daga aji biyu, sauran fannonin su zama kewaye da ita. Wani ya ƙware a taswirar kwamfuta, kuma manhajar QGIS kyauta ce, hotunan Landsat da Sentinel ma haka. Wani ya ƙware a gwajin ruwa da ƙasa, wani a ƙididdiga, wani a rubuta rahoton tantance tasiri, wani a aikin jama'a, wato tsara tambayoyi da jagorantar zaman tuntuɓa da al'umma. A nan ɗalibin da ya iya Hausa sosai yana da fifikon da ba a cika lissafawa ba. Doka ta tanadi a baje rahoton tantance tasirin babban aiki na kwanakin aiki 21 domin jama'a su duba su yi ƙorafi, amma rahoton kan zo da Turanci mai nauyi cikin ɗaruruwan shafuka. Wanda zai iya zama a ƙofar gidan sarki ya warware wa manoma abin da hanya ko madatsa za ta yi wa gonakinsu, ya kuma mayar da maganarsu cikin rahoto ba tare da ya rage ta ba, kamfanoni na neman sa.

Aiki bayan kammalawa

Ma'aikatun muhalli na tarayya da na jihohi, da NESREA, da hukumar agajin gaggawa ta NEMA, da hukumar hasashen yanayi ta NiMet, da hukumar lura da koguna ta NIHSA, da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa a 2015, duk wuraren aikin masu wannan ilimi ne, ko da yake gurbin gwamnati ba ya samuwa a kai a kai. Kamfanoni masu zaman kansu da ke rubuta rahoton tantance tasiri sun fi ɗaukar matasa, galibi aikin kwantiragi. Ayyukan da Bankin Duniya ke ba da rance dominsu suna wajabta a sami jami'in kula da muhalli da na zamantakewa, kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, yana cikinsu. Bankunan kasuwanci ma, tun ƙa'idojin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2012, ana buƙatar su duba illar muhalli kafin su ba da wasu manyan basussuka. Masana'antu da kamfanonin gine-gine suna da sashen lafiya da kariya da muhalli. Wasu kuma kan kafa nasu, a kwasar shara ko sarrafa robobi ko renon itatuwa. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi nisa sun ƙara digiri na biyu a fanni guda.

Sharuɗɗan shiga

Ana buƙatar kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi, sauran kuma yawanci daga darussan kimiyya da labarin ƙasa. Haɗin darussan da ake rubutawa a JAMB ya danganta da tsangayar da kwas ɗin yake ciki: inda aka haɗa shi da nazarin guba, kemistiri da bayoloji ake nema, inda ya fito daga labarin ƙasa, akan karɓi darasin tattalin arziki ko na noma. Kundin JAMB na shekarar da ake ciki shi ne abin dogaro, domin sharuɗɗan kan sauya.

Kafin a zaɓi jami'a yana da kyau a binciki ko NUC ta amince da kwas ɗin a can, a wace haraba ake yin sa, ko ɗakin gwajin yana da kayan aiki da wuta, da kuma ko ana fita da ɗalibai fili. Ɗaliban aji uku da aji huɗu na sashen ne suka fi kowa sanin amsar tambayoyi biyun ƙarshe, kuma ganin jerin wuraren da suka yi SIWES a shekarar da ta gabata yakan nuna irin ƙofofin da sashen ke iya buɗewa.